Sauri ya haifi nawa

Ɗan'uwa mai karatu, gyara zama in ba ka labarin da wani mushen lakkwal ya ba ni, muna hira bakin kasuwa.

Wasan kwaikwayo ne, sunansa Romiyo da Juliyet. Wani mutumin Ingila, Shekispiya, shi ya rubuta shi, aka buga shi a 1597. A cikin wasan, wasu manyan gidaje biyu na birnin Berona, ƙasar Italiya, suna gaba da juna tun da daɗewa.

Uban Juliyet ya shirya biki. Ya ba baransa takarda mai sunayen waɗanda za a kira. Baran bai iya karatu ba. Sai ya tari wani saurayi a hanya, ya karanta masa. Ashe Romiyo ne, ɗan gidan abokan gaba. Ta haka ya ji labarin bikin, ya je.

Ran Lahadi da dare suka ga juna. Ran Litinin wani limamin Kirista ya ɗaura musu aure a ɓoye, yarinya ko shekara 14 ba ta cika ba. A ranar kuma Romiyo ya kashe ɗan'uwanta, don ya rama kisan abokinsa. Sarki ya kore shi, ya koma Mantuwa.

Uban yarinya bai san da auren ba. Ya ba da ita ga wani, ya sa ranar Alhamis, kuma ya jawo ta Laraba. Limamin ya ba ta maganin da ke sa mutum ya kwanta kamar gawa har awa 42. Ya aika wa Romiyo da takarda don ya san gaskiya. Amma aka kulle ɗan aiken cikin wani gida, don ana zaton akwai annoba. Labarin mutuwa ya riga takarda isa. Romiyo bai nemi limamin ba. Ya sayi guba, ya sha a gefenta. Jim kaɗan ta farka, ta ga gawarsa, ta soke kanta da wuƙarsa.

Mushe ya ce tsautsayi ne. Ni na ce da sauri a ciki. Annoba ba laifin kowa ba ce. Amma da Romiyo ya jinkirta ko awa guda, da ya iske matarsa da rai.

Na san abin da nake faɗi. Wata shekara ina cin rani a Kano, wani ya ce mini matata ta kwashe kaya ta koma gidansu. Raina ya ɓaci. Lokacin ban iya rubutu ba. Na je neman mai rubuta mini takardar saki, na tarar ya yi tafiya. Bayan kwana 3 ƙanena ya iso. Ashe uwarta ce ba lafiya, ta je jinya. Yau ɗiyanmu 5.

Ka gani, sa'a ce ta cece ni, ba hankalina ba.

Kai yanzu ka iya rubutu. Ba ka jiran kowa, alƙalami na hannunka. Saboda haka in mugun labari ya iske ka, tambayi wanda ya gani da idonsa. Kwana da maganar. In gari ya waye, sannan ka rubuta.