Yini Guda a Gidan Fasahar Musulunci na Doha

Harkar kasuwanci ce ta kai ni Doha cikin watan Janairu, lokacin da zafin ƙasar Katar ke lafawa har mutum ya iya yawo a ƙasa da rana tsaka. Da na kammala abin da ya kai ni, sai ɗan ƙanwata da ke aiki a can ya ce, "Kawu, gobe ina hutu. Kasuwa za mu, ko gidan adana kayan fasaha?" Na ce masa kasuwa ai ita na baro a Kano.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa muka hau muka sauka a tashar Suk Waƙif, muka taka zuwa bakin teku inda jiragen ruwan katako ke jere. Tun daga nesa ake hango ginin, fari-fari mai ruwan madara, dutse kan dutse, yana tsukewa yana hawa sama. A tsakiyar ruwa yake, a kan tsibirin da aka cike domin shi kaɗai. Wanda ya zana shi, I. M. Pei, Ba'amurke ne ɗan asalin Sin, kuma shi ya nemi a ware ginin haka don kada dogayen benaye su zo daga baya su rufe shi. Yana da shekara 91 aka buɗe gidan a Nuwamban 2008. Kafin ya ɗora alƙalami sai da ya zaga ƙasashen Musulmi yana duba gine-gine, har ya tsaya a kan kubbar wurin alwala da ke tsakar masallacin Ibn Tulun a Alƙahira. A can ƙololuwa akwai wasu tagogi guda biyu da mutane ke cewa idanun mace ne cikin niƙabi. Na duba, na ga kamar haka ne. Ɗan nawa ya ce shi bai gani ba.

Ciki kuwa, matakala biyu ne suka lanƙwasa suka haɗu a sama, ga wata taga mai tsawon mita 45 tana kallon teku. Ɗakunan nunin duhu-duhu ne, hasken a kan kayan kawai yake sauka. An sake musu tsari kafin a sake buɗe gidan a Oktoban 2022, gab da gasar cin kofin duniya, suka zama ɗakuna 18. Kayan sun taso daga Andalus har Indiya da gaba: dardumai, takubba, tangaran, kayan ado na sarakunan Mugal, da wata barewar tagulla ta ƙarni na 10 wadda a da ruwa ke fita ta bakinta a fadar Andalus. Mun wuce su da ɗan sauri, ƙafa ba ta iya tsayawa ko'ina.

Inda na kafe shi ne gaban shuɗin Alƙur'ani. Fata ce aka rina da baba har ta yi shuɗi mai duhu, aka rubuta ayoyi a kai da zinare, rubutun kufi, layi 15 a shafi, babu wasali. Alamomin ƙarshen aya da azurfa aka yi su, yanzu sun dafe. Masana na danganta shi da ƙarni na 9 ko na 10, mafi yawansu suna cewa daga Afirka ta Arewa ya fito, kuma akasarin shafukansa na Tunisiya har yau. Wanda ya saba wucewa ta marinar Ƙofar Mata a Kano ya san wannan launi sarai. Na matsa har numfashina ya taɓa gilashi ina neman in kama kalma ɗaya in gane surar, sai da ƙyar, domin haruffan miƙe suke, an ja wasu sun yi tsawo don layi ya cika.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba a cikin gilashi yake ba. An ware wani ɓangare guda na ginin domin ilimi, wani fili mai ruwa ya raba shi da ɗakunan nuni. Akwai ɗakin karatu da kowa ke iya shiga ya nemi littafi, akwai azuzuwa inda ake koyar da rubutun Larabci na ado da zanen siffofi da aikin yumɓu, yara da manya, ga laccoci da rangadin 'yan makaranta. Mun leƙa wani aji muka tarar da yara a zagaye da teburi, kowa da alƙalamin kara mai yankakken baki. Malaminsu ya dangwala tawada ya ɗiga ɗigo mai kusurwa huɗu, ya jera irinsa a tsaye, sannan ya ja alifi a gefensu. Tsawon harafi da ɗigon alƙalamin da ya rubuta shi ake auna shi, ƙa'idar da ake jingina wa Ibn Muƙla, wazirin Abbasiyawa da ya rasu a 940. Wata yarinya ta danna da ƙarfi tawada ta malale mata. Malamin bai ce komai ba, ya juya mata hannu kaɗan, ya miƙa mata sabuwar takarda. Waɗannan yaran in sun koma gaban gilashi, ba kallon baƙo za su yi wa rubutun ba, don sun ji nauyin abin a yatsunsu.

"Kawu, ka yi shiru," in ji ɗan nawa.

Na ce tunanin gida nake. Mu fa abin nan a raye yake a wurinmu. Almajiri na fiƙe alƙalamin gamba da hannunsa, ya dama tawada da gawayi da ƙaro. Alaramma na zama ya rubuce Alƙur'ani da ka, da yambari, wasali ja, hamza rawaya, ya sa shi cikin tadarishi da gafaka. Mai zayyana na ƙawata allon sauka har ka rasa inda ya fara. Sai dai ba mu cika kiran wannan fasaha ba, balle a ware masa aji inda ɗan boko zai zo ranar Asabar ya zauna gaban gwani ya koyi riƙon alƙalami. Gidajen tarihinmu sun fi ba da ƙarfi ga ajiya, a shiga a kalla a fito. Kuma aji irin wannan ba sai da arzikin iskar gas irin na Katar ba: tabarma ce da kara da takarda, sai ladan malami.

Ya ce, "To, Kawu, wa zai fara?" Na ce ya bari mu ci abinci tukuna.

Muka fita ta lambun da ke kewaye da gidan, inda iyalai suka baje shimfiɗa a kan ciyawa. A ƙarshen hanyar akwai wani dogon ƙarfe mai falle bakwai, aikin mai fasaha Richard Serra, wanda aka kafa a 2011. Ɗan nawa ya dage sai na shiga tsakiyarsa na ɗaga kai. Na shiga, na ɗaga, hulata ta faɗi. Daga nan muka nemi shayin karak muka nufi masallaci, don la'asar ta riga ta yi.