Ɗari Biyun Me?

A kasuwar Lolo ba a jin lamba a yi shiru. In mai kifi ta ce maka "ɗari biyu", sai ka tambaya: naira ko dala? Gama 'yan'uwanmu da ke ƙetarowa daga ƙasar Benin da sefa suke ciniki, kuma dala ɗaya sefa 5 ce, wato dala 200 sefa 1,000 ke nan. Mu 'yan bakin iyaka da wannan tambaya muka tashi.

Shi ya sa da na fara koyon rubuta wa kwamfuta umarni, halinta bai ba ni mamaki ba. Ita ma kowane abu da irinsa take riƙe shi. Lamba 50 daban, "50" da aka buga a matsayin rubutu daban. In ka ce wa harshen Python ya tara rubutu "50" da lamba 20, sai ya tsaya ya ce iri bai dace ba. JavaScript kuwa ba ya musu, liƙa su yake yi ya ba ka 5020. To, ku duba in makin ɗalibi ne, jarrabawa 50, gwaji 20! Ni dai na fi son mai tsayawa.

A harshen Java ana tantance irin kowane abu kafin shiri ya fara aiki. Amma akwai hanyar da shiri ke zaɓar aikin da zai kira ta sunansa yana cikin gudana. A nan babu mai dubawa tun da wuri. Shiri na iya yin wata shida lafiya lau, sai ranar da aka miƙa wa aikin rubutu a madadin lamba ya tsaya cak, watakila ana tsakiyar fitar da sakamakon zango.

Manyan masana ma irin wannan ya taɓa su. Ran 4 ga Yuni 1996, roka Ariane 5 ta Turai ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashinta, ɗauke da taurarin ɗan'adam 4. An tura lamba mai gurbi 64 cikin mazubi mai gurbi 16, bai ɗauke ta ba. Umarnin daga Ariane 4 aka gado shi, inda lambar ba ta taɓa kai girman haka ba.