Miyar barikin soja: abincin da yunwa ta haifa a Koriya

Mu 'yan Nijar da karatu ya kawo Koriya ta Kudu, kullum aka kira mu daga gida tambaya guda ce: mi kuke ci a can? To yau ga amsa da kwano guda. Sunanshi budae jjigae, ma'ana miyar barikin soja.

Tukunya ce mai faɗi ake ɗorawa bisa murhun gas a tsakiyar tebur, tana tafasa a gaban masu ci. A ciki akwai kimchi, wato kabejin da aka jiƙa da gishiri da tonka har ya yi tsami, da gochujang, wani kwaɓaɓɓen jan yaji nasu. Sai awara, albasa, tafarnuwa, waken gwangwani, sosis da yankakken naman gwangwani. Daga ƙarshe a jefa taliya irin ta indomi, wasu su ɗora cukun bature ya narke a sama. Kowa da 'yar shinkafarshi a gefe, tukunya kuwa ta kowa ce, kamar yadda muke zagaye tire a gida. A watan Janairu, sa'ad da ruwa ke daskarewa a titunan Seoul, cokali uku kawai za ka yi ka ji zufa ta karyo maka.

Amma daɗin yana da tarihi mai ɗaci. Yaƙin Koriya, daga 1950 zuwa 1953, ya bar ƙasar cikin kango da ƙamfar cimaka. Nama sai a mafarki. Barikokin sojan Amurka kuwa cike suke da gwangwanaye, musamman Spam, wanda kamfanin Hormel ya soma yi a 1937. Abin da ya fito daga barikin, ko rara ce ko ta bayan fage, shi talakawan garuruwa irin su Uijeongbu, arewa da Seoul, suka riƙa samu. Da babu gara ba daɗi. Naman ga maiƙo ga gishiri, bai dace da bakinsu ba, sai suka zuba mashi kimchi da yajinsu har ya koma nasu.

Yau Koriya ta yi arziki, ita ke sayar wa duniya Samsung da Hyundai, amma ba ta canza wa miyar suna ba. A Uijeongbu akwai titi sukutum na gidajen budae jjigae. Spam ɗin ma ya zama abin kyauta, ana shirya shi cikin kwali mai kyau lokacin bikin kaka na Chuseok. Duk da haka akwai tsofaffin da ba su son ko ƙamshinta, don tana tuna masu ranar da suka ci ragowar baƙo. Wanda ya ji labarin farin 1973 da 1984 daga bakin iyayenshi, ya san layin rabon hatsin taimako, ba sai an yi mashi dogon bayani ba.

Sai magana mai muhimmanci ga duk musulmin da zai zo nan: Spam naman alade ne, mafi yawan sosis ɗin gidajen abinci ma haka. Don haka mu a ɗaki muke dafa tamu. Muna zuwa unguwar Itaewon, kusa da babban masallacin Seoul da aka buɗe a 1976, mu sayo sosis na kaza ko na shanu na halal. Ƙunshin garin da ke cikin ledar taliya muna ajiye shi gefe, don wani yana da romon alade. Gochujang ma sai mun karanta bayan roba, saboda wasu kamfanoni na sa barasa kaɗan.

Abin da muka ɗauka daga tukunyar ga shi ne, mutanen nan ba su ɓoye shekarunsu na wahala ba. Sun dafa su, suna ci da 'ya'yansu, suna ba su labari. Mu ma muna da abincin da fari ya koya ma kakanninmu, ganyaye da 'ya'yan itacen daji irin su anza, waɗanda yaran yanzu ko sunansu ba su sani ba. In akwai tsohuwa a gidanku, ku tambaye ta tun tana raye.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raba mu da yunwa.