Daga Ikorodu zuwa CMS a shuɗiyar bas

Ƙanwata ta haihu a Ikorodu, Hajiyarmu ta turo ni daga Kano in zauna da ita har ta yi arba'in. Ana jibi zan koma gida ta ce lallai sai mun je kasuwar Balogun na yi tsaraba. Gabana ya faɗi, don na san hanyar nan tun zuwana na farko: danfo, ƙananan motocin nan masu ruwan ɗorawa, kwandasta na ihu a bakin ƙofa, ga cunkoson da za ki yi azahar da la'asar a cikinsa.

"Yaya, mayar da kuɗinki jaka, kati ake amfani da shi," in ji ta. Ta fito da katin Cowry ta ɗora a kan na'ura, muka shiga doguwar shuɗiyar bas, ita da jariri a goye, ni riƙe da babban ɗanta mai shekara uku.

BRT ake kiranta. Sirrinta ba wani abu ba ne illa an yanka mata hannunta daban a kan titi, an tokare da kankare don kada sauran motoci su shiga. A watan Maris na 2008, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, aka buɗe kashin farko daga Mile 12 zuwa CMS, kilomita 22, ƙarƙashin hukumar sufuri ta LAMATA. A 2015 aka ƙarasa da ita Ikorodu, bayan an faɗaɗa titin an sa hannun bas a tsakiyarsa.

Daga Agric muka wuce Majidun, ruwa da fadama hagu da dama. Ta taga nake kallon motocin da suka yi cirko-cirko, har da manyan jif na masu hali, mu kuwa muna ta wucewa. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗin wannan. Babu mai tallar magani a kanmu, ba kuma wanda ya ƙara mana kuɗi don ya ga hadari ya haɗo. Yaron ma barci ya yi.

A Mile 12 ne na ji kamar ina gida. Manyan motoci sun sauke tumatir da albasa da tattasai daga Arewa, Hausa na tashi ta ko'ina. A nan mijin ƙanwata yake sana'a, kuma saboda bas ɗin nan ne suka kama haya a Ikorodu, inda ɗaki ya fi sauƙi. A da kafin asuba yake fita. Yanzu yana sallah a masallacin unguwa, ya karya da yaransa, sannan ya kama hanya. Ita wannan kaɗai take ƙirgawa riba.

Sai dai sauƙin da ya jawo su ya jawo wasu ma. Duk inda tasha ta sauka, shaguna da makarantun kuɗi da sababbin benaye sun biyo ta, kuma mai gidan da suke haya ya san haka sarai. Sau biyu yana ƙara musu kuɗi, hujjarsa ita ce ƙafa kawai za su taka su isa tasha. Yanzu suna neman gida can ciki, inda sai an hau babur kafin a fito titi. Ga kuma maganar mayar da kasuwar Mile 12 zuwa Imota da aka daɗe ana yi, wadda duk ranar da ta tabbata lissafinsu gaba ɗaya zai sake.

Ketu, Ojota, Maryland, Fadeyi, duk muka wuce ba wani labari. Wajen gadar Eko kankaren ya ƙare, muka cakuɗe da sauran motoci muka ɗan taɓa jira, sannan muka sauka CMS.

Dawowa ce ta nuna mini wanda aka yi wa motar. An yi ta ne don ma'aikaci mai 'yar jaka a kafaɗa. Layin yamma ya yi tsawo, muka tsaya da goyo da yaro mai kukan fitsari. Da muka iso, tashar tana tsakiyar titi, dole sai an hau gadar masu tafiya da ƙafa. Ina ɗauke da turamen atamfa shida, ƙanwata da ba ta daɗe da barin wankan jego ba tana hawa tana hutawa. Wata dattijuwa Bayarabiya ce ta karɓi hannun yaron ta haye da shi, ba ta jin Hausa, mu ba ma jin Yarabanci.

Idan za ki shiga da yara, 'yar'uwa, ki sa kuɗi a katin tun kafin ki isa layi, ki bari sai hantsi ya yi, ki kuma juyo kafin ma'aikata su tashi. Babban kaya kuwa ki ba mai gida ya taho da shi daban. Namu turamen sai da muka raba su gida biyu a ƙasan gadar, na hau na sauko sau biyu, ƙanwata na zaune a kan matakala tana ba jariri nono.