Waƙa a Bakin Mai Ita Ta Fi Daɗi

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Mu da muka tashi a zauren malamai mun sha ganin an kawo matashi makaho, ko kurma, ko gurgu, domin a yi masa addu'a. Uba ya yi bayani, uwa ta ƙara, kawu ya cike, shi kuwa mai lalurar yana zaune kai a sunkuye, ba wanda ya tambaye shi komai. Ƙauna ce ta kawo haka, babu shakka. To amma yaron da ya kai shekara 15 ana amsa tambaya a madadinsa, wata rana zai tsaya gaban likita ko shugaban makaranta, babu uba babu kawu, bakinsa kuma bai saba ba.

Magabata ba haka suka yi ba. Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho, da ƙafarsa ya zo wurin Manzon Allah (SAW) neman ilimi, a kansa Suratu Abasa ta sauka, daga baya ya zama ladani a Madina tare da Bilal. Amru ɗan Jamuh kuwa gurgu ne. Da 'ya'yansa suka so hana shi fita Uhudu a shekara ta 3 bayan Hijira, shi da kansa ya kai ƙara. Manzo (SAW) ya bayyana masa cewa Allah ya ɗauke masa wajibci, sannan ya ce wa 'ya'yan kada su tare shi. An saurare shi, an bar masa zaɓinsa.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, amma haƙƙin da ke kan takarda sai an buɗe baki ake samunsa. Koyon haka daga gida yake farawa. Mu tambayi yaro abin da ke damunsa, mu jira. In yana da i'ina, kada mu ƙarasa masa zance. In kurma ne, gidan duka ya koyi maganar hannu. A asibiti, shi ya fara magana, mu cike abin da ya manta. In ya so, ya rubuta labarinsa ko ya naɗa a waya, kuma kada a kai shi ko'ina sai da yardarsa, domin amana ne, ba ƙoƙon bara ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Allah Ya ba mu haƙurin saurare, Ya albarkaci zuriyarmu baki ɗaya. Wassalam.