Tsohon Gilashin Alhaji da Kyamarar Jikansa

A Zangon Agege, cikin Ikko, akwai wani dattijo da ya ci abinci da sana'ar ɗaukar hoto shekara arba'in da 'yan kai, kafin yanar ido ta zaunar da shi a zaure. Asalinsa mutumin Zariya ne, ya gangaro kudu yana saurayi, ya yi yaron shago wurin wani Bayarabe mai hoto har ya ƙware a ɗauka da wanki. Cikin 1976, sa'ad da kuɗin Udoji ba su gama lafawa a hannun ma'aikata ba, kowa yana so a ɗauke shi bisa sabon babur, ya tara abin da ya tara, ya sayi dogon gilashin kyamara daga hannun wani Bature da ke shirin komawa gida. Nikkor ne, ƙirar Jafan, mai milimita 300, duk jikinsa ƙarfe, nauyinsa ya ɗara kilo guda. Da shi ya shiga jirgin ƙasa zuwa Kaduna a watan Fabrairu na 1977 domin babban hawan daba na bikin FESTAC. Dodannin hotunan nan suna cikin adakarsa har yau, ko da yake damshin Ikko ya cinye rabinsu.

Da zamanin fim ya wuce, sai gilashin ya shiga adaka shi ma, naɗe cikin tsohon rawani. Jikansa ne ya gaji sana'ar, yana ɗaukar biki da suna da wata 'yar ƙaramar Sony ta hannu, irin waɗanda ba su da madubi a ciki. Tsakaninsu kuwa wasan jika da kaka ba ya ƙarewa. Yaron ya ce kayan Alhaji sai gidan tarihi, Alhaji ya ce abin da yaron ke ratayawa a wuya ba kyamara ba ce, wayar salula ce da ta yi ƙiba.

Ana gab da Babbar Sallar 2023 abubuwa biyu suka taru a gidan. Likita ya ce in ba a yi wa Alhaji aikin ido ba, ɗan ganin da ya rage masa zai tafi. Shi kuma yaron wani gida na Ijebu-Ode, a Jihar Ogun, ya ba shi aikin ɗaukar mahayansu a bikin Ojude Oba, wanda ake yi a rana ta uku ta Sallah a gaban Awujale, har ya karɓi kafin alƙalami ya kashe. Ga shi ba shi da gilashin da zai jawo mahayi daga nesa, sabo kuwa ya fi kyamarar tasa tsada, masu bayar da haya kuma duk an riga shi. Tun da fari shawararsa ita ce a sayar da kayan adakar, a raba kuɗin tsakanin asibiti da haya. Dillalin da ya zo dubawa bai ko kalli tsohuwar kyamarar ba, gilashin kaɗai ya ɗaga, ya haska shi da tocila yana neman funfuna, bai samu ba, nan take ya yi tayi. Saurin tayin nan ne ya sa yaron ya tsargu, ya ce a dakata tukuna.

Abin da dillali ya sani, su ba su sani ba, shi ne wannan. A kyamarar da, akwai madubi tsakanin gilashi da fim, wanda ke tura hoto sama zuwa idon mai ɗauka, in an danna ya ɗaga ya ba haske hanya. Madubin nan yana bukatar fili, saboda haka dole gilashi ya zauna nesa da fim. A ƙirar Nikon, wadda ta fito tun 1959, tazarar milimita 46.5 ce. Da aka fara fitar da kyamarori marasa madubi, watau daga Panasonic a 2008, sai Sony a 2010, filin nan ya zama ba shi da amfani, aka matso da bakin kyamara kusa da ɗan allon lantarkin da ya maye gurbin fim. A Sony milimita 18 ce kacal. In mai karatu ya ɗebe 18 daga 46.5, saura 28.5. To, iyakar abin da ake bukata ke nan: zoben ƙarfe mai wannan kaurin, fanko, ba gilashi ba waya a cikinsa, gefe ɗaya ya kama tsohon gilashi, ɗaya gefen ya kama sabuwar kyamara. 'Yan kasuwa adafta suke ce masa. Ƙara tazara abu ne mai sauƙi, rage ta ne ba ya yiwuwa sai da ƙarin gilashi mai ɓata hoto. Shi ya sa da Canon ya sauya bakin kyamarorinsa a 1987, daga tazarar 42 zuwa 44, tsofaffin gilasansa suka zama marayu shekara ashirin da wani abu, sai da marasa madubi suka zo aka koma nemansu. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, amma fa wannan zumar sai da ta jira mazubi.

Yaron ya sayo zoben a kasuwar Ikeja, kuɗinsa bai kai na takalmin Sallah ba. Da ya ɗaura, kyamarar ta ƙi dannuwa, domin a ganinta ba a sa mata gilashi ba, sai da ya shiga cikin saitinta ya ba ta izinin ɗauka haka nan. Ya leƙa, sai ga hasumiyar masallacin da ke can ƙarshen layi ta cika masa ido, tana rawa. Allon kyamararsa ƙarami ne, bai kai faɗin fim ba, tsakiyar hoto kaɗai yake ɗiba, don haka 300 ɗin nan sai ta yi aikin 450. Riba ce wajen jawo nesa, hasara ce wajen hannu, gama duk motsin numfashi ninka shi take yi. Wasu kyamarorin suna da abin hana rawa a ciki, in an gaya musu tsawon gilashin da hannu. Tasa ba ta da shi.

Babbar wahalar ita ce saiti. Yaron nan tun da ya fara sana'a bai taɓa juya zoben saiti da yatsunsa ba, na'ura ke yi masa. Kwana biyu yana bin 'yan acaɓa da gilashin a bakin titi, in ya kama mutum, kafin ya danna ya fice. Kyamarar tana da dabarar zana jan layi a gefen duk abin da ya fito sarai, amma jan layin yakan yi ƙarya: ya haska bisa hular mutum, a buɗe hoto a tarar bangon da ke bayansa ne ya fito.

Alhaji yana zaune yana jin tsakinsa. Ya ce, "Kai ja'iri, doki kake kora ko hoto kake ɗauka?"

"Alhaji, wannan ƙarfen naka ne ba ya jin magana."

"Miƙo shi nan."

Bai leƙa ba, don ba abin da zai gani. Da yatsa ya lalubi zoben ƙofar haske, ya juya shi daga 4.5, yana ƙirga ƙas-ƙas ɗinsa, ya tsaya a 8. Sa'an nan ya yi masa bayanin da shi ma ubangidansa ya yi masa. Dogon gilashi, in ji shi, ɗan siririn fili yake fitarwa sarai; a nisan mita 20, ko an tsuke ƙofar zuwa 8, filin bai kai tsawon doki guda ba. Wanda ya ce zai bi doki da zobe, dokin zai riga shi kullum. A Kaduna hoto 36 ke cikin fim ɗaya, ba ya da na ɓarnatarwa, saboda haka sai ya zaɓi wuri guda a ƙasa inda ya tabbata kowane mahayi zai zo ya yi jinjina, ya saita a nan, ya ɗauke hannunsa daga zoben, ya jira. Ya ce kuma ya tallafe gilashin da hagu, kada ya bar nauyin kilo guda ya rataya a bakin 'yar kyamarar, ya kafa gwiwar hannu a haƙarƙari, kada saurin ƙiftawa ya gaza ɗaya cikin dubu na daƙiƙa muddin doki na motsi.

Ranar bikin an tashi da hadari, ga cinkoso, ga hayaƙin bindigogin gidajen Balogun yana rufe fili. Yaron ya sami wani dakali ya hau, ya saita a daidai inda mahaya ke tsayar da dawaki su gai da sarki. Sau biyu zuciya ta ɗebe shi ya bi doki da zobe, duka biyun suka lalace. Cikin hotuna wajen 600 da ya ɗauko, waɗanda suka fito sarai ba su wuce 40 ba, kuma a wasunsu gefen fararen riguna ya yi wani shunin algashi, aibin da tsofaffin dogayen gilasai ke da shi in fari ya haɗu da duhu, sai da ya kwana yana goge shi a kwamfuta. Amma akwai guda bakwai ko takwas da doki ya miƙe bisa ƙafafun baya, fuskar mahayi ta fito har zufa, taron da ke bayansa ya narke ya zama launi kawai. Waɗannan su masu aikin suka sa a buga manya. Sun yi ƙorafin ba a ɗauki ƙanin maigidan da kyau ba, suka rage wani abu, suka biya sauran.

Kuɗin bai isa ido biyu ba, na dama aka yi. Dillali ya dawo sau biyu, ya ƙara tayi, yaron ya ce ya tambayi mai shi, mai shi kuwa ya yi kamar barci yake yi.

Bayan an cire bandeji da mako uku, wata la'asar Alhaji ya ce a kawo masa abin nan. Ya kafa gwiwar hannu, ya sa idon dama, ya nufi wata shirwa da ke bisa turken lantarki, yana juya zoben a hankali. Ya daɗe bai ce kome ba. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Wane ne ya zuba mini jan barkono a jikin tsuntsu? Kashe shi, ina gani da kaina. Kuma zoben nan ya bushe, gobe ka kai a sa masa mai."