Tsibin Gero a Kusurwar Ɗaki

Ƙanwata tana aji biyu a fannin injiniya, kuma ni nake biyan kuɗin karatunta. A hutun da ya wuce ta dawo gida da takardar gwaji mai maki 3 cikin 20, ta ce ita kam za ta sauya fanni. Ni da na guje wa lissafi tun a sakandare na fake a aikin jarida, ba ni da bakin yi mata nasiha. Sai na ce ta koya mini abin da ya kayar da ita.

Sunansa intigiral mai hawa uku: hanya ce ta auna girman cikin abu, a daddatsa shi ƙanana sannan a tara sau uku, wani tari cikin wani. Abin da aka ba su a gwajin shi ne wurin da bangaye biyu da daɓe suka tare, shimfiɗar x + y + z = 1 ta rufe shi. Da ta zana, na ce ai gero ne aka jibge a kusurwar ɗaki: mita ɗaya ta gindin kowane bango, mita ɗaya a tsaye, fuskarsa a gangare kamar an shafe ta da katako.

Ita ta ɗauki x da y da z kowanne daga 0 zuwa 1, ta sami 1. Lissafinta bai da aibi, sai dai akwati ta auna maimakon tsibi.

A nan sana'ata ta yi rana, domin tsara iyakoki jera tambayoyi ne. Tsaya a wani wuri a daɓe: ina geron ya kai a tsaye? Daga 0 zuwa 1 − x − y. Idan ka yi nisan x daga kusurwa, ina faɗinsa ya tsaya? Daga 0 zuwa 1 − x. To x ɗin fa? Daga 0 zuwa 1. Iyakar ciki tana iya dogara da ta waje, amma ta can waje dole ta zama lamba tsantsa.

Ta tara daga ciki: hawan farko ya ba da 1 − x − y, na biyu (1 − x)²/2, na uku 1/6. Akwatin yana cin lita 1,000, tsibin kuwa kimanin 167. Da ido na ce zai kai rabi. Ashe na ninka shi uku.

Hanyoyi shida ake iya jera tambayoyin, kuma ka'idar da Guido Fubini, ɗan Italiya, ya tabbatar a 1907 ta ba da lamunin cewa a irin wannan duk amsa ɗaya suke bayarwa. Ƙanwata ba ta yarda ba sai da ta gwada uku a daren nan.

Ta koma makaranta ba ta sauya fanni ba. Yanzu, in ji ta, ba ta rubuta alamar intigiral sai ta yi zane tukuna.